Kunkuru, Karan Dawa da Awon Gona

A cikin darussan da ake koya mana a makarantar nan babu wanda 'yan makaranta suka fi gudu kamar lissafi, a cikin lissafin kuma babu reshen da ya kai na siffofi ban tsoro, watau wanda malamai ke kira jometiri. Da zarar an ce za a shiga maganar alwatika da da'ira da kusurwa, sai ka ga wani ya tuna da ciwon kai, wani kuma ya ce ya manta akwatin lissafinsa a ɗakin kwana. Dalili kuwa shi ne galibin ɗalibai sun ɗauka haddace dokoki shi ne aikin duka. Mutum ya kwana yana haddar doka goma sha biyar, in gari ya waye aka juya masa alwatikar ta dubi gabas maimakon arewa, shi ke nan, ya ɓata.

Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne labarin wata hanya da malaminmu na lissafi ya bi da mu 'yan Aji Biyar tun daga zangon farko, da kuma abin da hanyar ta jawo a gidanmu can ƙasar Ajingi. Hanyar tana amfani da kwamfuta, amma kamar yadda za ku gani, rabin aikin a ƙasa aka yi shi, da taku da igiya da kara.

Ranar da Malam ya ce za mu fara koyon siffofi da kwamfuta, kowa ya yi ta murna, muna zaton ɗakin kwamfuta za a nufa. Sai ga shi ya kai mu filin ƙwallo. Ya zaɓi wani ɗan ajinmu ya ɗaure masa ido da hankici, ya ba shi sanda ya riƙa ja a ƙasa, ya ce daga yau sunansa Kunkuru. Yaron nan kuwa mutumin Kunkurawa ne, saboda haka muka yi ta dariya, sunan kuma ya bi shi har yau. Malam ya ce Kunkuru magana biyu kaɗai yake ji, "yi gaba taku kaza" da "juya dama digiri kaza". Ba ya jin "je can", ba ya jin "ɗan karkata kaɗan". Aikinmu shi ne mu rubuta umarnin da zai bi har ya zana murabba'i, Malam kuma yana auna masa juyi da babban ma'aunin kusurwa na katako.

Murabba'i bai ba mu wuya ba. Gaba taku 10, juya dama digiri 90, haka har layi takwas. Can sai wani ya lura cewa layi biyu ne muke ta maimaitawa, ya ce me zai hana a rubuta "maimaita sau 4" a huta? Malam ya ce a tafa masa.

Daga nan aka ce a zana alwatika mai gefe uku daidai. Monita ya ce ai wannan sananne ne, kowace kusurwarta digiri 60 ce, don haka Kunkuru ya yi gaba taku 10, ya juya 60, sau uku. Aka ba da umarni. Kunkuru ya yi tafiya uku, ya tsaya can nesa da inda ya taso, alwatika ba ta rufe ba. Malam bai ce uffan ba, sai ya ce a ci gaba da umarnin. Da aka yi sau shida Kunkuru ya komo gurbinsa, ga siffa mai gefe shida a ƙasa kamar ɗakin saƙar zuma. Muka kewaye zanen muna gardama, har muka gano cewa abin da Kunkuru ke juyawa kusurwar waje ce. In ana son ta ciki ta zama 60, sai ya juya abin da ya rage cikin 180, watau 120.

Malam ya sake tambaya: mutumin da ya kewaya gida ya komo inda ya tashi, yana duban inda ya fara duba, digiri nawa ya juya gaba ɗaya? Muka ce 360. Ya ce to ku raba. In gefe uku ne, 120. In huɗu ne, 90. In biyar ne, 72. In shida ne, 60. In takwas ne, 45. Da aka ce to yaya za a yi da'ira, sai aka ga ba wani abu ba ne illa a yi ɗan taku ɗaya, a juya digiri 1, a maimaita sau 360. Ba wanda ya rubuta mana wannan doka a allo. Daga sawun Kunkuru muka tsince ta, shi ya sa har yau ba wanda ya manta. Wani abu kuma da ya yi mini daɗi shi ne, duk sa'ad da Kunkuru ya ɓace ba a neman wanda za a daka. Takardar umarni ake ɗauka a bi layi-layi har a ga inda tsakuwa ta shiga cikin shinkafa, a tsince ta.

Wasan kunkurun nan yana da asali. A 1967 wasu masana a Amurka suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta don yara mai suna Logo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Seymour Papert, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1928, ya rasu a 2016. Daga baya suka haɗa harshen da wata 'yar na'ura mai taya da ake kira kunkuru, tana yawo a kan takarda tana jan alƙalami bisa umarnin yaro. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya fi gane abu idan shi ne ke koya wa na'ura shi. A 2007 kuma jami'ar MIT, inda ya yi aiki, ta fitar da wata manhaja kyauta mai suna Scratch, wadda ake jera umarni a cikinta kamar ana jera tubali. Ita muka tarar da muka shiga ɗakin kwamfuta a mako na uku. Kwamfutocin ba su da yawa, mutum biyar ko shida ke kewaye guda, amma da yake kowace ƙungiya ta zo da umarninta a rubuce, minti kaɗan ya ishe ta. Muka sa 'yar kyanwar da ke fuskar kwamfuta ta yi abin da Kunkuru ya yi a fili. Ka canza lamba ɗaya, ka ce gefe 12, nan take ta zana, ba gajiya ba ƙorafi.

Malam ya ce sunan wannan hanya tunanin mataki-mataki, irin wanda mai tsara wa kwamfuta aiki yake yi. Wata masaniya Ba'amurkiya, Jeannette Wing, ita ta yayata maganarsa a 2006, ta ce ya kamata kowane yaro ya iya shi kamar yadda ya iya karatu da rubutu. Malamai sukan kasa shi gida huɗu. Na farko, ka farfasa babbar matsala ta koma ƙanana. Na biyu, ka nemi abin da ke maimaita kansa. Na uku, ka zubar da abin da bai shafi tambayar ba, ka riƙe wanda ya shafa. Na huɗu, ka jera matakai filla-filla, yadda ko wanda bai san komai ba in ya bi su zai kai ga amsa.

Kada wani ya zaci baƙon abu ne aka kawo mana. Kalmar da Turawa ke kiran jerin matakai da ita, watau algoridim, daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ta fito, malamin lissafin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. A ƙasar Hausa ma an yi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda a 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake cika hatimi da lambobi, ta yadda duk layin da ka tara jimla ɗaya zai ba ka, kamar hatimi mai gida tara da kowane layinsa ke ba da 15. Abin da ya rubuta matakai ne, daga wannan gida ka tsallaka zuwa wancan, har gidajen su cika. Ya rasu a Alƙahira a 1741, tun ba a yi mafarkin kwamfuta ba.

Mu bar littattafai, mu dubi unguwa. Magini in zai yi zagayayyen ɗaki, turke yake kafawa a tsakiya, ya ɗaura igiya, ya kewaya yana jan ƙasa da tsinke. To, wannan ita ce ma'anar da'ira da muke haddacewa, watau layin da ko'ina a jikinsa nisansa ɗaya daga tsakiya. Birkila in zai fitar da kusurwar gini, yakan auna ƙafa 3 a wannan gefe, ƙafa 4 a wancan, ya gyara har tsakaninsu ya zama ƙafa 5. Wannan kuwa dokar Faitagoras ce, domin 9 da 16 sun ba da 25. Mai ɗinkin hula ma ƙirga zare yake yi, ya fitar da zane ɗaya, sa'an nan ya maimaita shi har ya kewaye hular. Iyayenmu sun daɗe suna aiki da wannan tunani. Abin da makaranta ta ƙara mana shi ne sanin dalilin da ya sa yake yin daidai, da kuma inda yake dainawa.

Manhaja ta biyu da muka koya ita ce GeoGebra. Wani ɗalibi ne a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, ya fara ƙera ta a 2001. Ita ma kyauta ce, tana hawa kwamfuta da waya, in an sauke ta kuma tana aiki ba tare da intanet ba. A cikinta akwai rula da kamfas kamar na akwatin lissafi, sai dai zanen yana motsi. Ka zana alwatika, ka ce ta auna kusurwoyi uku ta tara. Sa'an nan ka kama kusurwa ɗaya da linzamin kwamfuta ka ja ta inda ka ga dama. Alwatikar ta miƙe, ta rame, ta kumbura, lambobin uku suna ta canzawa, amma jimlar tana nan 180. Haka muka gwada dokar da'ira da ke cewa kusurwar tsakiya ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira, in dai a kan baka ɗaya suke tsaye. Gani ya kori ji.

Malam ya kafa mana dokoki uku a ɗakin nan. Ta farko, ba mai taɓa linzami sai ya nuna matakansa a rubuce. Ta biyu, duk zanen da aka yi sai an ja shi. Wanda ya zana murabba'i da ƙiyasin ido, da an ja kusurwa ɗaya sai ya wargaje. Wanda ya gina shi da ƙa'ida, layi a kan layi da digiri 90, gefe daidai da gefe ta hanyar kamfas, ko ina aka ja shi yana nan murabba'insa. A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya kwaikwayi hoto. Ta uku, abin da kwamfuta ta nuna ba ya zama hujja. Ko alwatika dubu ka ja, ba ka ja dukan alwatikun duniya ba. Dole mu koma aji mu ja layi ta saman alwatika, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindinta, mu nuna cewa kusurwoyin uku sun jeru a kan miƙaƙƙen layi ɗaya. Ya kuma tuna mana cewa ranar jarrabawar WAEC ba kyanwa, in an zo zane daga kai sai fensir da rula da kamfas.

Wata rana ya sa muka gina siffa mai gefe huɗu wadda tsawon gefenta ba ya canzawa, muka ce manhaja ta auna girman filin da ke ciki. Da aka ja kusurwa ɗaya, gefe huɗun suna nan yadda suke, amma girman fili yana hawa yana sauka. Muka gwada da alwatika, ta ƙi motsi sam. Ashe gefe uku sun isa su tsare alwatika, amma gefe huɗu ba su isa su faɗi girman fili mai gefe huɗu ba. Wannan darasi shi ne ya bi ni gida.

Da muka je hutun ƙarshen shekara, na tarar Baba zai sayar da wata gonarsa. Ruwan damina ya rusa mana ɗaki biyu, ga kuma auren yayata ya matso. Wani Alhaji daga Wudil ya taya, aka yi ciniki a kan kowace hekta, saura awo. An riga an yi girbi, gona ta yi fili, sai tarin kara. Baffa ne ya yi awon da tef, ni da ƙanena muna riƙe masa. Na ɗan cike lambobin don mai karatu ya iya bi da fensir. Gefen arewa mita 50, na gabas mita 120, na kudu mita 150, na yamma mita 140. Baffa ya yi yadda aka saba. Ya tara arewa da kudu ya raba biyu, ya sami 100. Ya tara gabas da yamma ya raba biyu, ya sami 130. Ya ninka su, ya ce gona murabba'in mita 13,000 ce, watau hekta ɗaya da kashi uku cikin goma.

Ban ce komai ba a gaban manya. Kashegari da sassafe, cikin sanyin hunturu, na ja ƙanena muka koma da tef da turaku. Na bi matakan nan huɗu. Na farko, farfasawa: muka auna layin da ya ratsa gonar daga kusurwar arewa maso yamma zuwa ta kudu maso gabas, muka sami mita 130, gona ta koma alwatika biyu. Na biyu, abin da ke maimaituwa: aiki ɗaya za a yi wa kowace alwatika. Na uku, zubar da abin da bai shafi awo ba: kukar da ke tsakiya da jigawa da kwari duk na bar su, na riƙe lamba biyar kawai. Na huɗu, matakai, su ne na Heron mutumin Iskandariya, wanda ya rayu a ƙarni na 1. Ka tara gefe uku ka raba biyu. Ka cire kowane gefe daga wannan rabin. Ka ninka rabin da ragowar nan uku. Sa'an nan ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da ka samu.

Ƙaramar alwatika tana da 50 da 120 da 130. Rabin jimlarsu 150, ragowar kuma 100 da 30 da 20. In an ninka duka ana samun 9,000,000, tushensa 3,000. Babbar tana da 130 da 140 da 150. Rabin jimla 210, ragowar 80 da 70 da 60. In an ninka ana samun 70,560,000, tushensa 8,400. Gona duka ta zama 11,400. Tsakaninta da awon jiya akwai murabba'in mita 1,600, watau fiye da fuloti uku masu ƙafa 100 da ƙafa 50, ko kuma kusan kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin. Na ari wayar Yaya na gina gonar a GeoGebra, ta ba ni 11,400. Na cire layin tsakiya na yi ta jan kusurwa, duk yadda na buɗa ta ba ta kai ko 12,000 ba. Watau babu wata gona mai waɗannan gefe huɗu da za ta kai 13,000.

Gabana ya faɗi, domin mu ne masu sayarwa. Kowace mita da ta ragu, daga kwanon rufinmu ta ragu. Bayan sallar isha'i na sami Baba shi kaɗai a zaure, na tsuguna na gaya masa. Ya daɗe bai yi magana ba, sa'an nan ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Baba, in ka yarda gobe zan nuna maka, ba sai da takarda ba."

Da safe na yanko karan dawa huɗu, rabin santimita a madadin kowace mita, watau 25 da 60 da 75 da 70, na soke bakinsu da ƙayar aduwa na haɗa su. Baba ya kira Baffa. Na ajiye karan a ƙasa na tura kusurwa ɗaya, siffar ta lanƙwashe, filin ciki ya ragu a kan idonsu alhali ba a taɓa tsawon kara ko ɗaya ba. Sa'an nan na gitta kara na biyar mai 65, na ce Baffa ya tura. Ya tura, ta ƙi. Ya ce, "Kai ɗan boko, da awon nan aka raba gonar kakanka, ba wanda ya yi ƙorafi." Na ce, "Haka ne, Baffa. In gona ta miƙe sosai kamar tabarma, awon ba shi da aibi ko kaɗan. Tamu ce ta karkace." Kakata da ke jin mu daga tsakar gida ta ce, "Maigidan, kuɗin makarantar da ake biya maka ke nan, ka zo ka rage mana kuɗin gona?" Kowa ya yi dariya ban da Baba. Can ya ce, "Abin da ba mu da shi ba ma sayar da shi. A gaya wa Alhaji."

Alhaji ya zo da mai safiyo da na'urarsa, a gaban mai unguwa aka sake awo, abin da ya samu bai yi nisa da nawa ba. A kansa aka biya. An yi bikin yayata, an tayar da ɗaki ɗaya, ɗayan kuwa yana nan yana jiran wata kakar. Baba bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya ɗauki karan nan biyar ya rataye su a zaure.

Da na komo makaranta na ba Malam labari, ya ce awon da Baffa ya yi tsoho ne ƙwarai, har a jikin bangon wani haikali a Edfu ta ƙasar Masar an sami gonaki da aka lissafta da shi fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ita kanta kalmar jometiri, a harshen Girka awon ƙasa take nufi. Ya ce masana sun tabbatar da cewa wannan awo ba ya taɓa ragewa. In fili ya miƙe, yana faɗin daidai. In ya karkace, sai ya ƙara, kuma gwargwadon karkatar gwargwadon ƙarin. A nan ne nake roƙon iyayenmu su lura. Idan aka raba gado da shi, wanda rabonsa ya faɗa a karkataccen gefe an ba shi ƙasa da abin da aka faɗa masa, ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Maganin kuwa awo ɗaya ne kawai za a ƙara, na layin da ya ratsa tsakiya. In gonar tana da gefe biyar ko shida, a yanka ta alwatika uku ko huɗu. In kuma takardar mallaka ake nema, wannan aikin mai safiyo ne.

Iyaye da yawa in sun ga ɗansu da waya lokacin hutu sukan ce wasa yake yi, sau da yawa kuma gaskiyarsu ne. Roƙona shi ne su tambaye shi ya nuna musu abin da yake yi. In GeoGebra ce, su ba shi aiki: ya fitar da girman gona, ko yawan bulon da katanga za ta ci, ko kwanon da zai rufe ɗaki. Su tuna kuma tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka yaron da bai saba da ita ba, ko jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan kusa da mu a Wudil yake nema, da tsoro biyu zai shiga ɗakin jarrabawa. Ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai kuma, duk wadda ta ƙara mana kwamfuta ko batirin sola ta yi babban taimako.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan Aji Huɗu da za su tarar da darasin nan baɗi, kada ku jira sai layi ya zo kanku a ɗakin kwamfuta. Kwamfuta umarninka take bi, in ka ba ta shirme ta mayar maka da shirme cikin sauri. Duk tambayar da ta gagare ku, ku zana ta, ku yanka ta ƙanana, ku rubuta matakai, ku ba abokinku ya bi su kamar Kunkuru ba tare da kun yi masa bayani ba. In ya kai ga amsa, kun gane darasin. In ya ɓace, ku bi layi-layi ku gyara. Sannu ba ta hana zuwa. Muna haɗuwa kowace Asabar bayan an gama duba ɗakunan kwana, a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin kwamfuta, wanda ke so ya zo da rula da kamfas da igiya. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.